Mai Lafiyar Gidan

A gidanmu na Idi-Araba
ni ce wadda ba a tambaya.
Baƙo zai shigo, ya tuɓe takalmi,
"Ya jikin Sagiru?"
Sai zai fita yake waiwayowa:
"Ke kuma Balaraba, kin girma."
Na girma. Ban san yaushe ba.

Ciki ɗaya, nono ɗaya,
amma likita ya ɗaga takardu biyu:
jinina lafiya lau,
nasa da lauje a ciki.
Laujen nan ba ya jiran kaka.
Da damina yake yanka,
in ruwan Ikko ya cika kwata
ya shigo tsakar gida ba sallama,
sanyi ya bi ƙashin ƙanena gaɓa-gaɓa.

Tun ina 'yar shekara tara na san aikina:
ɗora ruwan zafi, tsoma tawul, matsewa,
riƙe fitilar waya in an ɗauke wuta,
fita titi ƙarfe biyun dare
in tashi Baba Rasaki mai keke
da Yarabancina mai ɗingishi.
Asibitin ba nisa.
Na san tagar da ba ta rufuwa,
na san bencin da ƙusarsa ke cin zane.

Ranar da na zo ta ɗaya a aji
na taho da gudu, takarda a ƙirji,
na tarar da kwaɗo a ƙofa.
Maƙwabciya ta ce, "Tun azahar suka tafi."
Na ninke ta huɗu, na tura ƙarƙashin katifa.
A makon nan albasar Baba ta Mil Sha Biyu,
buhu uku, ta koma ledar jini,
kuɗin takalmina ya koma allura.
Ban ce uffan ba.
Wa zai yi kukan tuntuɓe a gaban mai karaya?

Zazzaɓi ya taɓa riƙe ni kwana uku.
A bayan tankin ruwa na sha magani,
don barcin Inna ya riga ya ƙare,
ba sauran da zan ara.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba.
Wani dare na ji haushinsa.
Haushin kankanar da ake yanka masa,
haushin tafin Inna a goshinsa,
har na ce a raina, da ma ni ce.
Sai ya yi nishi.
Na tashi na ɗora ruwa,
ina istigfari, tawul na ƙona ni.

Watan jiya jikin ya yi sauƙi.
Muna baranda, yaran danfo na ta kiran Mushin, Mushin,
sai ya zaro wani abu daga jakar magungunansa:
takardar nan ce, ninki huɗu, duk ta yi laushi.
"Shekara biyar tana wurina," ya ce.
"Ita nake karantawa in an sa min ƙarin ruwa.
Ki daina rage tafiya saboda ni.
Ina kallonki fa,
kina taka ƙasa kamar aro kika yi ƙafafun."

Na ce ƙarya yake.
Ya yi dariya har ya dafe haƙarƙari.

Ran Lahadi na hau mota ni kaɗai
na tafi bakin teku, inda iska ta hana shi zuwa.
Na yi gudu a yashi har numfashi ya ƙare min.
Kunya ta kama ni.
Na ƙara wani gudun.
Na ciko gorar ruwa da yashi na kawo masa,
ya zuba a tafi, ya shinshina,
ya ce, "Ƙarnin kifi yake."
Ya dai ajiye ta kusa da magungunan.

Yau hadari ya haɗo ta wajen Surulere.
Ba wanda ya ce min komai.
Na duba gawayi, na wanke tawul,
sannan na ɗauko littafina, na zauna kusa da shi.